Karsanar da Na Aro wa Tafkin Marke

Tun da na dawo mutanen ofis da na majalisarmu ta unguwar Takur a Dutse suka sa ni gaba. Wannan ya ce wai da gaske ne an gan ni a kasuwar Maigatari, da ni da tumbina, ina jan saniya tana jana? Wancan ya ce ina tsarabar Nijar. Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, har na lura kullum ina tsallake wurin da ya fi taɓa ni. To ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ni a ruga aka haife ni, gabas da Aujara, a bakin wani ruwa da ake kira Tafkin Marke. Kurmi ne ya kewaye shi, marke da tsamiya da kanya, ga burtali ya taso daga arewa ya gangaro har mashaya. Can na koyi iyo, can na koyi fiton da ake yi wa shanu in suna shan ruwa. Mahaifina ya rasu ina makarantar kwana, shanunsa suka koma hannun ƙaninsa, Baffa Manu, yana kiwonsu tare da nasa. Ni kuwa boko ya ja ni na zama akawu a Kano, da aka ba mu jiha aka kwaso mu da teburanmu aka zube a Dutse.

Ba a daɗe da haka ba abin ya faru. Maganin feshin wake ya shigo ƙauye, sai wani mai wayon banza ya gano in an tsiyaya shi a tafki da bazara kifi yakan taso ya juya ciki sama, a kwashe ba koma ba wahala. Wata safiya aka zuba, da hantsi garken Baffa ya sauka mashaya. Kafin labari ya iske ni a Dutse in samu mota, a lokacin ga wahalar mai, an riga an binne abin da za a binne. Baffa bai kai ƙara ba, bai yi wa kowa sallama ba. Ya tattara ɗan abin da ya rage ya yi arewa da matarsa, Goggo Dije. Toka na tarar a murhu da turaku a kafe. Na ɗauka fushi ya yi da garin, har da ni, tun da ni ne ɗan gwamnati, kuma a ganin mutanen ruga duk abin da ya zo a galan gwamnati ce ta kawo shi.

Daga baya muka haɗa kai, mu 'yan kaɗan. Akwai Malam Haladu, alaramma mai makarantar allo a garin, akwai matan da suka gaji da jinyar cikin yara, akwai sarkin masunta da komarsa ta ruɓe a rataye. Ba mu da hatimi, ba mu da ofis, inuwar tsamiya ce ofishinmu. Muka yi ta sintiri gidan Dagaci har ya hana zuba magani da wanke injin feshi a tafkin, muka raba gadi a tsakaninmu. Ni nawa gadin Asabar da Lahadi ne. A hankali ruwa ya washe, kwaɗi suka dawo da surutunsu. Shanu ne kawai ba su dawo ba. Duk makiyayin da ya biyo burtali sai ya kauce ya wuce, ya ce ruwan da ya ci garken Manu ba zai kai nasa ba.

Bana, shekarar da aka fara shari'a ke nan, sai wata sabuwa ta ɓullo. Gari ya ƙaru, gonaki sun matse, mutane suka ce a raba musu kurmin. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Dagaci ya kira mu ya ce, "Malam Salihu, kurmin nan da burtalin saboda shanu aka bar su tun zamanin kakanni. Ina shanun? Kwaɗi zan nuna wa mutane? In ruwan shuka ya sauka ban ga garke a mashayar nan ba, zan raba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni in je in zo da Baffa."

Ya ce, "In ka san inda yake."

Ban sani ba. Abin da na sani dai an ce an taɓa ganinsa a Maigatari, ya sauko daga wajen Dungas.

Malam Haladu ya ce da shi za a. Na yi murna, don mutum ne da ko ina ya sauka sai an shimfiɗa masa tabarma, sai dai yana da tsoron shanu kamar me, ga son shayi. Maiɗakina ta ƙulla mana kuka da daddawa na tsaraba. Muka hau mota a tashar Dutse da sanyin safiya. Direban yana ganin rawanin Malam ya zare kaset ɗin waƙa ya cusa na wa'azi, ya kuma tashi mata biyu daga tsakiya ya mayar da su baya. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa mai kaji, ta ce, "Ɗan nan, jiya ma a nan ka zaunar da ni, yau ne ka musulunta?" Aka yi ta dariya har Kiyawa.

Kafin Gujungu motar ta yi tari ta mutu. Direba ya ce ruwa ne a man da ya saya a bakin titi. Muka fake a gindin wata bishiya, sai ga mai fura da nono. Ina miƙa hannu na ga abin da ta zubo nonon daga ciki: galan ɗin maganin feshi ne, har hoton ƙwaron bai gama gogewa ba. Malam ya gyara zama ya fara yi mata nasiha a kan amanar cikin mutane. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, da toka na wanke shi, da ruwan zafi. Kuma shi kaɗai ne murfinsa ba ya yoyo. Ka ba ni wani yanzu in jefar da wannan a gabanka." Malam ya dubi jarkar ruwan alwalarsa, ya dube ni, na kau da kai. Haka ya juye ruwan ya miƙa mata, ita kuma ta fasa nata da dutse muna kallo. Azahar da taimama muka yi ta.

A Gumel muka kwana, a zauren wani abokin karatunsa. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuɓewa busasshiya, suka ci suna tuna wani malaminsu mai dorina, ni kuwa na kasa cin kirki. Abin da zan ce wa Baffa nake ta juyawa. Na shirya magana mai kyau, irin ta ofis, mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Maigatari ranar kasuwa sai wanda ya gani. Raƙuma, jakuna, shanu har inda ido ya tsaya, ga Buzaye da rawani ga dillalai suna tafa hannu. Na yi ta tambayar Manu, ana ta nuna mini Manun da ba shi ba. Har wani tsohon dillali ya ja ni gefe ya ce, "Kai da ganinka Bafulatani ne, amma tambayar 'yan birni kake yi. Manu ai ya fi a ƙirga. Wane irin kunne ne da shanunsa?" Sai kawai na ga hannuna ya tashi ya kama kunnena na dama, yatsa ya ja tsaga biyu daga ƙasa, ya koma na hagu ya gutsure baki. Shaidar gidanmu ke nan, wadda na riƙe wa mahaifina maruƙa yana yi musu. Ban san tana nan a jikina ba. Dillalin ya ce, "Yauwa. Mai jajayen nan, wanda ba ya ciniki da baki sai da kai. Yana arewa da Dungas, kusa da wata rijiya mai zurfi." Na yi godiya na koma bayan wata rumfa na share idona, na ce wa Malam hayaƙin tsire ne.

A kan iyaka wani jandarma, ɗan sandan Nijar, ya tare mu da Faransanci, fuska ba wasa. Ni na miƙa katin aiki. Malam ba shi da komai sai tasbaha. Jandarman ya juya katina ya sake juyawa, ya dubi Malam, can sai ya sauke murya ya koma Hausa garau, irin wadda ta fi tawa, ya ce mahaifiyarsa ce ƙafa ta hana ta tashi, ko Malam zai sa ta a addu'a. Nan aka ɗaga hannu a bakin shingen, da mu da shi da wani mai jaki da bai san abin da ake roƙa ba. Muka wuce. Malam ya ce, "Ka ga nawa katin ba ya ƙarewa."

Daga nan kwalta ta ƙare. Wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya muka hau, kan buhunan gero, in ta kafe a rairayi a sauka a tura. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa sai da ya fasa mini dasashi. Shayi kuwa ba sa shansa a kofi irin namu. Ɗan mitsitsin gilashi ne, a dafa sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na ƙarshe ka yi rashin ladabi. Malam ya ce shi dai a bar shi a ƙasar nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki gonakinsu ne. Ƙasa ta fi tamu bushewa, amma ko ina gawo ne tsaye a tsakiyar gona, manya da ƙanana. Wani manomi da muke tura mota tare ya ce ba dasa su suke yi ba. In sun zo sassabe suka ga tsiro daga tsohon kututture sai su rage masa rassa su bar shi, maimakon su ƙone. Na tuna yadda mu muke share gona fes har sai ta yi kama da filin ƙwallo, mu kira shi ƙoƙari.

A wani gari kafin Dungas aka tsaya shan ruwa a bakin tafki. Zafi ya ishe ni, na zaro sabulu na gangara zan wanke fuska. Ban kai ga ruwan ba na ji sanda a gabana. Wata tsohuwa ce, ƙarama kamar yarinya, wai matan garin ne suka naɗa ta mai gadin tafkin. An raba tafkin biyu da shingen ƙaya, nan na mutane can na dabbobi, ba a shiga da sabulu, kuma duk jarkar da za a tsoma sai ta shinshina ta. Na ce ni baƙo ne. Ta ce, "Baƙo ma ciki gare shi." Hukuncin wanda ya karya doka shi ne ya jawo reshen ƙaya ya ƙara a shinge. Haka na jawo, da rigata ta shadda, Malam yana zaune a inuwa yana ba ni shawarar inda zan kama. Ban ji haushi ba. Matan garinmu na tuna, na ce da sun ga wannan tsohuwa da sun ɗauke ta a ka.

Da la'asar sakaliya washegari muka isa. Tun daga nesa na ji nishin igiya a kan gungume, bijimi yana jan guga daga rijiya, yana tafiya yana tafiya kafin ruwa ya fito. Goggo Dije ce ta fara ganina. Ta ajiye ƙwarya ta rufe baki da hannu biyu, ta zauna a ƙasa a inda take. Ta tsufa, jama'a. Baffa kuwa ya taho daga wajen shanu da sandarsa a kafaɗa, ya rame, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa. Sunan kakana, mahaifinsu, aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce mini. Ya ce, "Babana, ka zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?" Yana tambaya yana kallon ƙasa. Har aka yi magariba bai dube ni ba.

Goggo ta dama fura. Na kurɓa na ji wani ɗanɗano kamar kanwa, na daure na haɗiye. Ta ce, "Ka ji ko? Ruwan nan ne. Tun da muka zo ban dama furar da ta yi mini daɗi ba." Da na kwance mata ƙullin kuka da daddawa sai ta kai hanci ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta fara tambaya, ba mutane ba, itatuwa. Tsamiyar da take shanya ƙore a gindinta tana nan? Kanyar da ta karkata kan ruwa ta faɗi? Har yanzu bado yana fitowa da kaka? Na ce duk suna nan, amma in ba a yi wani abu ba bana gatari zai shiga. Na faɗi maganar Dagaci. Maganata mai farko da tsakiya da ƙarshe ban san inda ta shiga ba, a birkice na faɗe ta. Baffa yana gefe yana gyaran igiya.

Da safe ya ce in biyo shi. Malam ya tsaya can nesa, wai zai yi lazimi. Baffa ya shiga garke yana taɓa wannan yana kiran waccan, har ya ware wasu jajaye gefe guda, iyaye da 'ya'ya, garke sosai. Ya ce, "Waɗannan naka ne."

Na ce, "Baffa, nawa ai sun mutu."

Ya ce, "Saura maraƙa ɗaya. Tana ɗaure a dangwali ran nan, ba ta isa zuwa mashaya ba. Duk waɗannan daga cikinta suka fito." Sannan ya ce, "An ce mini kana cewa fushi na yi. Da wa zan yi fushi? Yayana ya bar mini amanar maraya, ni da hannuna na kora su ruwan. Na ga kifi a bakin tafki ran nan, Babana. Na gani, na ce ko zafi ne. Da wane ido zan tsaya in jira ka?"

Na ce ban taɓa riƙe shi da komai ba, kuma Allah ya sani gaskiya na faɗa. Shanun ba su taɓa hana ni barci ba, rashinsa ne ya hana ni. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ka kora su ka kai wa Dagaci garke. Ni na sauke. Nan za a binne ni, ba komai."

Murna ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Ga garke, ga kurmi ya tsira. Na nufi bukka zan gaya wa Malam, sai Goggo ta tare ni a bayan danga tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kullum da yamma in ya gama tatsa, kudu yake juya fuska, ya ce ko yaron nan ya yi ƙiba. Shanunka ne suke sa shi. In ka kwashe su ka kwashe abin da ya rage tsakaninsa da gida, ni ma ka binne ni a nan."

Sai wata al'adarmu ta faɗo mini a rai. A cikin Fulani akwai abin da ake kira haɓɓanaye. Mutum ya ba ɗan'uwansa aron karsana, ta zauna a hannunsa ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar kuma a mayar wa mai ita. A gidanmu in ta yi haihuwar fari ana aika wa mai ita, ya zo da ƙafarsa ya ga maraƙin ya sa albarka, a shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Kuma abin kunya ne ƙwarai ɗan'uwa ya roƙa a hana shi.

Na koma na durƙusa a gaban Baffa na ce, "Nawa su zauna a hannunka, ban iya kiwo ba, kowa ya gani. Haɓɓanaye na zo roƙo. Ba cikin nawa ba, cikin naka."

A nan ne ya dube ni, karon farko. Ya gane sarai abin da nake nufi. Ya ce, "Ka san ruwan da za ka kai ta."

Na ce, "Na sani. Ni ma shi nake sha duk Asabar."

Malam ya matso, har ya manta da tsoron shanu, ya ja hannun rigata ya ce, "Malam Salihu, garke Dagaci ya ce, ba saniya ɗaya ba. Kada ka yi mana asarar kurmi saboda zumunci." Gaskiya ya faɗa. Na ce masa dai in Dagaci ya ƙi, laifin a kaina.

Baffa ya shiga garke ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da wata karsana ja mai farin goshi, Wule, wadda Goggo ta ce da hannu yake ba ta dusa. Tana da ƙaramin ciki. Ya ce, "In kun je kada ka ja ta zuwa ruwa, kada ka yi mata fito. Ka sake ta. In ta shinshina ta juya, ka dawo mini da ita, kada ka ƙara zuwa da maganar tafkin nan."

Shi ya rako mu da ƙafa har kusa da iyaka, don Wule ba ta yarda da ni ba. Mun kwana a hanya a rugar wasu mutanensa. Yana tafe yana nuna mini ciyawar da take so da wadda ke kumbura mata ciki, kamar mai kai 'ya ɗakin miji. Da muka hango shingen jandarma sai ya tsaya a gindin wani gawo ya miƙo mini igiya. Na ce ya ƙarasa ko Maigatari ce, ya sha ruwa. Ya girgiza kai. Ya shafa goshin Wule, ya yi mata magana da Fulatanci a kunne, ni kuma ya ce mini, "In ta haihu ka aiko." Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na waiwaya sau da yawa, yana nan tsaye da sanda a kafaɗa, fuskarsa kudu.

Abin da aka gani a kasuwar Maigatari kuwa gaskiya ne. Tana jin Baffa ba ya bayanta ta juya arewa ta ja ni, na bi ta cikin rumfar masu tabarmi, takalmina ɗaya ya tsaya a can har yau. Malam yana bayan wani raƙumi yana ta salati. Dillalin nan ne ya cece ni, ya kuma sama mana babbar motar shanu mai zuwa kudu. A bayanta na zauna tare da Wule har mahaɗar Aujara, Malam yana gaba kusa da direba. Duk wanda ya ce ya ji warin kashin shanu a ofishinmu a makon da na dawo, to ga dalili.

Labari ya riga mu isa. Da hantsi bakin Tafkin Marke ya cika, ga Dagaci a kan kujera, ga masu son gona da gatura a kafaɗa, ga matanmu, ga wani ardo da ya ya da zango a nesa ya zo kallo. Dagaci ya dube ni ya dubi Wule ya ce, "Malam Salihu, wannan ce garken?" Aka kwashe da dariya. Ardon ne kawai bai yi ba. Ya zagayo ya duba kunnenta ya ce, "Ta Manu ce." Sai dariyar ta tsaya.

Na kwance igiyar na ja da baya. Ta tsaya tana kallon mutane. Ta taka a hankali ta gangara, ta kai hanci kan ruwa ta hura, ta ɗago. Ta juya. Wallahi a lokacin na ga kurmin a kwance, na ga Goggo da furarta mai kanwa. Ashe ba tafiya za ta yi ba. Gefen ruwa ta bi, ta wuce laka, har gindin babban marken nan inda ƙasa take da tauri, inda garken gidanmu yake sauka tun ina yaro. Ko wa ya gaya mata, oho. Ta shiga har gwiwa ta sa baki. Tana cikin sha na ji fito yana fita daga bakina, irin na mahaifina, ban san lokacin da na fara ba. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa.

Ardon ya ce wa Dagaci gobe zai sauko da nasa garken. Dagaci ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bana ba za a raba ba, baɗi kuma sai abin da ya gani. Masu gatura ba su ji daɗi ba, har yanzu akwai wanda ba ya amsa gaisuwata. Matan kuwa da na ba su labarin tsohuwar tafkin Nijar sai suka naɗa tasu tsohuwar, da sandarta, kuma ni ta fara kora.

To abin da na kawo daga Nijar ke nan, masu tambayar tsaraba. Wule tana hannun wani ɗan'uwanmu a bakin kurmi, ni kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai tasha. Cikin ya tsufa, hantsarta ta fara cika. Na riga na yi magana da direban motar Maigatari, da dillalin da zai kai saƙo rijiya mai zurfi. Ban sani ba ko Baffa zai zo. Amma na share wurin da bukkarsa take, a gindin tsamiyar Goggo, na sayi sabuwar tabarma na jingine a can.